Abdulsalami da Rafin da Ya Yi Tsalle

Abdulsalami ɗan kawuna ne, wato taubashina, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa babu mai kai ni gaban alƙali. In ma an kai ni, shi zai fara tashi ya kare ni, don ba ya iya ganin shari'a ta wuce bai sa baki ba. Gajere ne, kunnuwa kamar faifai, ga tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zaren lilo tun zamanin da nake da haƙora talatin. In ka gan shi a hanya za ka ɗauka mai gyaran rediyo ne da kasuwa ta guje wa.

A aji uku na sakandare karatunsa ya tsaya, shekarar da kawu ya rasu. Aka samo masa aikin masinja a wata kotu a nan Karaye, ya yi shekara talatin yana share benci, yana kai sammaci ƙauyuka a kan keke, yana kiran masu ƙara da sunansu. Bai taɓa hawa sama da haka ba, bai kuma taɓa nema ba. Abin da ya bambanta shi da sauran masinjoji, shi in ana shari'a saurare yake yi, su kuwa gyangyaɗi.

Littattafan da suka sa aka san shi, daga hannuna suka fito, kuma ina so a rubuta wannan. A lokacin ina sayar da soyayyiyar gyaɗa a bakin tasha. Wani lauya ya rasu a birni, danginsa na nan garin suka kwaso takardunsa buhu-buhu suna raba wa masu tsire da masu ƙosai, ni ma na sami buhu guda. Takarda ce mai kauri, ba ta shan mai da wuri, na ji daɗinta ƙwarai. Ran nan sai ga Abdulsalami ya jingine kekensa, ya ɗauki ƙulli ɗaya kamar yadda ya saba, don shi a ganinsa gyaɗar taubashiya ganima ce. Ya cinye, maimakon ya yar da takardar sai ya miƙar da ita a gwiwa yana karantawa, leɓe na motsi.

Can ya ɗago. "Talatu, ina ci gaban wannan?"

Na ce, "Ci gaban me?"

"Takardar nan mana. Mutumin ya yi tambaya, ya ce in mai mulki ya kafa doka ta zalunci, shin ita ma doka ce dole a bi, ko kuwa ba ta cancanci sunan ba. Yana dab da ba da amsa kika yage shi."

Na ce, "Amsar tana aljihun wani direba, ya tafi Rogo da ita tun da hantsi. In ka taka keken nan da kyau ka iske shi."

Bai yi dariya ba. Ya buɗe buhun ya zauna a ƙasa, da kakinsa na aiki, yana fito da littattafan ɗaya bayan ɗaya kamar mai ciro 'ya'yansa daga rijiya. Goma sha ɗaya ya samu da ban kai ga yanka su ba. Ya ɗaure su a bayan keke, ya yi mini alkawarin tsofaffin jaridu a madadinsu. Shekara guda cur yana kawo mini jarida, mai shan mai kamar ƙishirwa na damunta. Wancan shafin kuwa har yau bai same shi ba. Ya ce ba komai, rashin amsar ne ya sa shi karanta sauran.

Turancinsu ba irin na makaranta ba ne, sai da ya nemo ƙamus. Shafi ɗaya a rana yake yi, bayan la'asar, wani shafin ma ya kwana uku a kansa. Ya ce mini iri uku ne. Akwai masu ba da tarihin yadda shari'a da kotuna suka sauya a ƙasashe, har da tamu, kafin zuwan Turawa da bayansa. Akwai masu tambayar mece ce doka ma tukuna, kuma don me mutum zai bi ta in babu ɗan sanda a kusa. Sai wani ƙato, mai kaurin bulo, na dokokin da ke tsakanin ƙasa da ƙasa: yaƙi, jakadu, teku, koguna. Wannan ya fi so. Mutumin da iyakar tekunsa dam ɗin Challawa, ko shi ma daga nesa yake kallo don bai iya iyo ba, sai ka ji yana yi maka bayanin inda ruwan wata ƙasa ya ƙare na wata ya fara. Na sa masa suna Lauyan Gindin Mangwaro, sunan ya bi shi. A akwatin ƙarfe yake ajiye su, bisa duwatsu uku saboda gara, da ganyen darbejiya a tsakaninsu. Matarsa Khadijatu ta ce da atamfofinta na samun rabin wannan kulawa da ba su kode ba.

Da ya yi ritaya sai ya koma gonar kawu, a wani ƙauye ta wajen Beli. Akwai 'yar fadama a ƙasan gonar, wani ƙaramin rafi ya yi gwiwa ya zagaye ta. A ƙetaren rafin, cikin gwiwar, gonar Goggo Ummu Hani take. Bafulatana ce, ta girme mu duka, mijinta ya rasu ya bar mata shanu huɗu da jikoki da wannan fili da take shuka rake. Raken nan shi ne ke riƙe gidanta daga kaka zuwa damina. Tun kakanni babu dutse babu turke tsakanin gonakin biyu. Kowa a ƙauyen ya san magana ɗaya: rafi ne iyaka.

Daminar shekara uku da suka wuce, wata Juma'a a watan Agusta, aka tsuge da ruwa tun hantsi har bayan la'asar. Da aka ɗauke mutane suka fita duba ɓarna, sai suka tarar rafi ya gaji da zagaye. Ya fasa ta bayan gonar Goggo ya miƙe sambal, ya bar tsohuwar hanyarsa yashi da ƙananan kududdufai. Raken Goggo kuwa yana nan tsaye, ko kara ɗaya bai kwanta ba, amma yanzu yana gefen Abdulsalami.

Kafin magariba an fara zuwa yi masa barka. Lukumanu, babban ɗansa, wanda shi ke noman gidan da ƙarfinsa, har ya fara auna wurin da ƙafa yana faɗin inda zai sa tumatir in an sare raken. Ban ga laifinsa ba. Yana da iyali, gonarsu ta yi musu kaɗan, kuma ba shi ya tura ruwan ba. Goggo ta zo ta tsaya a sabon bakin rafi, ta dubi rakenta daga ƙetare, ta ce Allah ne ya bayar, shi ya karɓa. Ta juya. Ba ta sake zuwa ba.

Bayan kwana huɗu na je wani suna a ƙauyen, na tarar da taubashina a gindin mangwaro da ƙaton littafin nan a cinya, fuska kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Na ce, "Lauya, an ce ka yi gado ba a mutu ba. Ina tukuicina?"

Ya ce, "Ba tawa ba ce, Talatu."

"Wa ya ce?"

Ya buga littafin da yatsa. Ya ce ya je wurin Goggo da safe, ya gaya mata ta ci gaba da aikin gonarta. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta sa aka kawo masa nono, suka gaisa har da tambayar shanu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Malam, na gode, amma ban kai ga cin sadaka ba tukuna. Rafi ne iyaka, haka na tarar, haka zan bari."

Na ce, "To ai ka fita. Tsuntsu ya faɗo daga sama gasasshe, ka kai wa mai shi ya ce ya ƙoshi. Sai ka ce bismilla."

Ya ce, "Ba gonar ta ƙi ba, kyauta ta ƙi. Muddin gari na cewa tawa ce, ko yunwa za ta kashe ta ba za ta taɓa karan nan ba. Sai an faɗa a gaban mutane cewa haƙƙinta ne."

Kashegari ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya naɗe littafin a ɗankwalin Khadijatu, ya nufi ƙofar dagaci. Ni kuwa da na riga na ɗaure kayana zan koma Karaye, na kwance. Wa zai bar wannan kallo? Tsufa ya ba ni izinin zama a bakin zaure, na zauna.

Bayan gaisuwa dagaci ya ce, "Malam Abdulsalami, an ce ƙara ka kawo. Wa kake ƙara?"

"Ranka ya daɗe, Abdulsalami."

"Wane Abdulsalamin?"

"Wannan da ke durƙushe gabanka. Yana riƙe da gonar da ba tasa ba."

Zaure ya ɗauki dariya. Dagaci ya ce shekararsa ashirin a kan buzun nan, bai taɓa ganin mai ƙara da wanda ake ƙara sun zo cikin riga ɗaya ba. Amma ya aika aka kira Goggo, aka kira liman, Lukumanu kuma ya zo da kansa, rai a ɓace.

Abdulsalami ya kwance ɗankwali. Ya ce ba mu kaɗai ne muka taɓa yin iyaka da ruwa ba. Akwai manyan ƙasashe da kogi ya raba su, kuma su ma koginsu ba ya zama wuri ɗaya. Masana sun daɗe suna tunani a kai, da yawansu suka tsaya a kan cewa tafiyar ruwa iri biyu ce. In rarrafe yake yi, yana gutsurar wannan gaɓa yana ajiyewa a waccan, shekara da shekaru, har ba mai iya cewa ga ranar da ya matsa, to iyaka ta bi shi. In kuwa tsalle ya yi, rana ɗaya ya bar makwancinsa ya koma wani, to iyaka na nan a tsohon makwanci, ko da ya bushe ƙurmus.

Liman ya gyara zama. Ya ce, "Malam, da girmanka, mu nan ba da littafin Turawa muke raba gona ba."

Na ce a raina yau Lauya ya gamu da gamonsa. Sai ya rufe littafin, ya ture shi gefe.

"Gaskiya ne, Allah gafarta Malam. Ban kawo shi don ya yi mana hukunci ba, tuna mini ya yi da tambayar da ban yi ba. Kai zan tambaya. Ta wace hanya gonar mutum ke fita daga hannunsa ta halal?"

Liman ya ce, "Ya sayar, ko ya bayar, ko ya mutu a gada."

"Goggo ta sayar?"

"A'a."

"Ta bayar?"

Goggo daga inda take ta ce, "Ban bayar ba."

"Kuma ga ta nan da ranta, Allah ya ƙara mata lafiya. To ruwan sama a cikin ukun nan wanne ya yi?"

Liman ya shafa gemu, na ga bakinsa na son murmushi. Wani dattijo ya ce duk da haka kakanni sun ce rafi ne iyaka, ba su ce rafi mai rarrafe ko mai tsalle ba. Abdulsalami ya ce, "Baba, don me suka zaɓi rafi ba su zaɓi akuya ba? Don akuya yawo take yi, rafi kuwa suna ganin yana nan inda yake. Wurin suke nufi, rafin shaida ne kawai. In shaida ya tashi ya koma wani gari, ai ba ya tafiya da gonar a kafaɗa." Ya ce wanda ke shakka ya je ya duba, raken na tsaye a layinsa, kowa ya san hannun da ya dasa shi. Ruwan da ke kawo ƙasa da rarrafe ba ya kawo ta da rake a tsaye.

A nan Lukumanu ya nemi izinin magana. Yaron ba wawa ba ne, jinin gidanmu ne. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na yarda. Amma in haka ne, a ƙasa wajen giginyar nan rafi ya shekara ashirin yana cin gonarmu yana tara wa Goggo. Da ina yaro nakan yi taki goma daga giginya zuwa ruwa, yanzu saiwarta a ruwa take. Mu ma ba mu sayar ba, ba mu bayar ba. A mayar mata da nata, a mayar mana da namu."

Na dubi Abdulsalami, na ga ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Wallahi da ya yi shiru a nan da ba mai zarginsa, don babu wanda ya iya karanta littafin sai shi.

Ya ce, "Lukumanu, wannan ita ce rarrafen. Je ka ƙetare ka nuna mini dunƙulen ƙasa ɗaya ka rantse namu ne. Ta tafi ƙwaya-ƙwaya, ta gauraya da ta mutanen sama da mu, ba mai iya gane ta. Wannan ta tafi, ɗana. Shafin da ya ba Goggo rakenta, shi ne ya hana mu wancan. Ba zan karanta rabinsa in rufe rabi da hannu ba."

Lukumanu ya sunkuyar da kai. Dagaci ya yi shawara da liman da dattawa, ba su daɗe ba. Ya ce tsohon makwancin rafi shi ne iyaka, a kafa duwatsu a bi shi kafin yashi ya ɓatar da shi, kuma daga yau in ruwa ya sake irin wannan a ƙasarsa haka za a yi. Sannan ya juya ga Goggo ya ce, "Kin ji. Ba kyauta ba ce, ba sadaka ba ce. Gonarki ce, ba ta taɓa barin hannunki ba."

Goggo ta gyara mayafinta. Can ta dubi Abdulsalami ta ce, "Malam, in haƙƙina ne, to ba zan gode maka ba."

Ya ce, "Kada ki gode, Goggo. Da kin gode da aikina ya ɓaci."

Da muka koma gida Khadijatu ta riga ta ji labari. Ta tsaya a tsakar gida, muciya a hannu, ta ce, "Malam, wannan wane irin littafi ne? Ruwa ya ba mu, ya ce ba namu ba ne. Ruwa ya ƙwace mana, ya ce ya tafi ke nan. Shi ta ko'ina mu yake ci?" Na ce mata ta yi haƙuri, ni na san asalinsa, da ma don ƙunshe gyaɗa aka yi shi.

Maganar ba a nan ta tsaya ba. Lokacin saran rake ya zo, sabon rafin ya yi zurfi, gaɓarsa a tsaye, jaki ba ya iya sauka da kaya. Hanya ɗaya ce ta fitar da raken Goggo, ta tsakiyar gonar Abdulsalami. Ina wurin ranar da aka zo da maganar. Ya miƙe zai nufi akwatin ƙarfe, yana cewa akwai babi guda a kan ƙasar da ba ta da mafita sai ta cikin maƙwabciyarta. Khadijatu ta riga shi, ta zauna daram a kan akwatin.

Ta ce, "Ba sai ka buɗe ba. Na san abin da zai ce. A ba ta hanyar."

Lukumanu ne da kansa ya share hanyar da fartanya, faɗin jaki da kayansa, yana yi yana gunaguni, amma ya fitar da ita miƙaƙƙiya.

Goggo ta cika alkawari, har yau ba ta gode masa ba. In sun haɗu sai gaisuwa da tambayar shanu. Amma ranar da aka gama sara, jakin ƙarshe bai wuce ba, a ƙofar gidan Abdulsalami ya tsaya. Mai jakin ya sauke dami guda na farin rake, ya ce Goggo ta ce ba na Malam ba ne, kada ya taɓa, na matar da ke haƙuri da shi ne. Khadijatu ta raba wa gida kaf, har ni na sami gaɓa biyu na yi ta fama da su da haƙoran da suka rage. Shi kuwa yana gindin mangwaro yana kallonmu muna tsotsa, ko ɓawo ba a miƙa masa ba. Na ce, "Lauya, ba ka ɗaukaka ƙara?" Ya ce a'a, hukuncin daidai ne, mai kaya ta faɗi wanda ta ba.

Duwatsun na nan a jere cikin busasshen yashi, guda tara, ciyawa ta fara rufe su. Raken Goggo na bana ya fi na bara tsawo. Abdulsalami kuma idonsa ya fara rauni, shafi ɗaya yanzu sai ya yi masa mako, ya ce saura littafi biyu da rabi ya gama zagaye na biyu. Duk lokacin da na je sai ya tambaye ni ko na tuna sunan direban nan da ya tafi Rogo.